Dusa, Kanwa da Hannun Baba

Wannan babin na littafina naki ne, Safiya, ko da yake na san yayyenki za su riga ki karanta shi. Ranar sunan ɗiyarki, muna zaune a tsakar gida ana rabon waina, na ji kina ba ƙawayenki labari kina dariya, wai akwai shekarar da Mama ta zaɓi fumfuna a kan 'ya'yanta. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma na koma gida maganar ba ta bar raina ba. Shekarun nan duka ban taɓa zama na warware miki abin da ya faru ba. Da fari ina ganin kin yi ƙanƙanta, daga baya kuma sai na ga kamar lokacin ya wuce. Yanzu kin zama uwa, kunnenki zai ɗauka. Ba haƙuri zan ba ki ba, kuma ba zan ce ba ki da gaskiya ba. So nake ki san abin da ya tsayar da ni a Dutse.

Kakanku majemi ne a Jahun, wannan kin sani, amma kin san shi ne bayan ya tsufa yana zaune a zaure yana ba ku dabino. Ni na san shi a bakin kwatarniyar jima. Kafin fata ta shiga ruwan bagaruwa sai an raba ta da gashinta, kuma abin da majema ke yi shi ne su jiƙa ta a ruwan toka mai ƙarfi, wasu su ƙara da ragowar kabayit da suke karɓowa wurin masu walda, har gashin ya saki a kankare shi. Wannan ruwan ba ya bambanta fatar akuya da fatar mutum. Tun ina yarinya hannun Baba a tsattsage yake, mun ɗauka haka hannun uba yake. Amma a shekarar da nake ba ki labari abin ya wuce tsagewa. Tafin ya buɗe, 'yan yatsun suka kumbura, wasu wuraren har suna ruwa. Likita a asibiti ya ce ya bar saka hannu a ruwan nan kwata-kwata. Yaya Sani, babban wanmu, ya sayo masa safar hannu ta roba, Baba ya sa ta yini ɗaya ya cire, ya ce shi da yatsa yake jin ko fata ta nuna, ba a jima da hannun aro.

Wata Juma'a na je gaishe shi, na tarar an kai masa tuwo da miyar kuka. Ya juya wa ƙofa baya yana ci. Da na zagayo sai na ga cokali a hannunsa. Yajin miyar ne ba ya iya taɓawa. Mutumin da ya yi mana dariya duk rayuwarsa idan ya ga ɗan boko yana cin tuwo da cokali, ga shi yana ɓoyewa a ɗakinsa don kada jikoki su gani. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Yaya Sani ya shigo ya fara maganar da ya saba, a rufe majemar kowa ya huta, ai 'ya'ya sun girma. Baba bai ko kalle shi ba. Ni ya kalla, kuma kin san sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ranar da na bar jima, ku fara neman likkafani. Ke da aka ce kina noma fumfuna a jami'a, in akwai wata dabara a karatun naku, kawo. In babu, ku bar ni da ruwana."

Dabara kuwa akwai, a takarda. Aikina ke nan tun ina matashiya. Akwai irin fumfunar da manyan masana'antu ke nomawa a kan dusa ko a cikin tankuna, ba mai gubar nan da ke kama gyaɗa ba, mai tsabta wadda aka daɗe ana haɗa kayan abinci da ita. Ana noma ta ne don sinadaran furotin da take fitarwa, kuma a cikinsu akwai wani inzayim, wato sinadari mai narka nama a hankali, wanda in aka shafa shi a fata yake cin gindin gashi ya bar fatar lafiya lau. Matsalar ita ce fumfuna ba ta fitar da shi don kin so. A jikinta akwai ƙwayoyin gado, umarnin duk abin da za ta iya ƙerawa, amma ba ta buɗe su duka lokaci guda. Kamar mace mai tattali take, kowane ɗakin ajiya da makullinsa, sai ta ga buƙata take buɗewa. Ƙwayar gadon da nake so ba ta buɗuwa in wurin da fumfunar ke zaune yana da tsami. Akwai wani furotin a cikinta mai aikin gadi, yana naɗe yana barci muddin akwai tsami. Da zarar tsamin ya mutu, sai a datse masa jela, ya farka, ya je ya buɗe waɗannan ƙwayoyin ya rufe na lokacin tsami. Wannan abu tun ranar da na fara karanta shi yake burge ni, har yau kuma bai daina ba: halitta ba ido ba kunne, amma ta san inda take zaune.

A ɗakin gwaje-gwaje, da sinadaran da ake odarsu daga waje da na'ura mai daidaita komai, zan iya sa ta yi abin da nake so. To amma Baba ba shi da na'ura. In dai abin zai yi masa amfani, dole ya zama wanda za a iya yi da dusar gero da madambaci da faranti, a ɗaki irin na kowa. Shi ya sa na kwashe kayan sito na gidanmu na mai da shi gonar fumfuna, abin da har yau yayyenki ke yi mini tsiya a kai.

Ana cikin haka aka yi wa Abbanku canjin wurin aiki zuwa Abuja. An ba shi gida, an samar muku makaranta, ni ma wani abokinsa ya yi mini hanyar aikin ofis a can. Kowa na murna. Kin riga kin ɗaure 'yar tsanarki a leda tun ba a sa ranar tafiya ba. Ni kuwa duk lokacin da na rufe ido cokalin nan nake gani. Na san in na tafi, fumfuna ta mutu, kuma babu wanda zai yi ta jigila tsakanin Dutse da Jahun yana gwaji a kan fatun Baba. Na gaya wa Abbanku ina so in tsaya. Bai yi faɗa ba, da ma ba mai faɗa ba ne, kuma wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu, sannan ya ce ba zai raba ku da makarantar da aka riga aka samu ba, kuma ba zai raba ku da juna ba, don haka da ku zai tafi.

"Hajiya, Auta fa ba ta taɓa kwana ba ke ba. Kin yi tunanin wannan?"

Na ce na yi. Na yi kuwa. Ranar tafiya kika riƙe gefen mayafina har sai da babbar yayarki ta ɓamɓare yatsunki ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana, na koma ciki na zauna a kan buhun dusa na yi kukana mai isata. Wannan ba ki gani ba, shi ya sa nake gaya miki.

Don kada in zauna ni kaɗai, Abbanku ya ɗauko mini Goggo Dije, ƙanwar mahaifinsa, daga rugarsu ta wajen Kiyawa. Ta iso da ƙullin kayanta da awaki biyu, don ta ce ba za ta iya zama a gidan da ba a jin kukan dabba ba. Na haifi 'ya'ya uku a gidan nan amma har ta rasu Amarya take ce mini. Da ta leƙa sito ta ga farantai jere an lulluɓe su da farin ƙyalle, ta ɗaga ɗaya ta ga dusa ta yi fari fat da fumfuna, sai ta riƙe haɓa. Ta ce ita a duniyarta ta ga masu kiwon shanu da masu kiwon kaji har da masu kiwon zuma, amma ba ta taɓa ganin wanda gwamnati ke biya don ya ruɓar da abincin awaki ba.

Watanni suka yi ta wucewa ba nasara. Dusar gero da ma daga surfe take fitowa da ɗan tsaminta, in fumfuna ta fara ci kuma sai tsamin ya ƙaru, mai gadin nan ya ci gaba da barcinsa. Na gwada soda irin ta masu sabulu. In na sa da yawa ta ƙone fumfunar, in na sa kaɗan kafin washegari tsami ya cinye ta. Na gwada ruwan toka, yau ya yi ƙarfi gobe ya yi salam, don babu toka biyu da suke daidai. Kowane mako sai in tace ruwan dusar, in je kwata in karɓo guntun fatar akuya, in shafa, in naɗe, da safe in murza da babban yatsa. Gashi na nan daram. Mahautan har sun san ni, da sun hango ni sai su ce ga Dakta mai gashi ta iso. In na kira ku a waya kuma ke ba kya yarda ki karɓa. Sai in ji muryarki daga nesa kina cewa a ce mata kina barci. A Jahun kuwa yatsan Baba na tsakiya ya fara ƙin lanƙwasuwa. Na fara tambayar kaina ko dai na yi asarar ku ne a banza.

Sai wata safiya na makara, ina da darasi, ga dusa na auna a roba ban jiƙa ba. Ina ɗaura ɗankwali na ce wa Goggo don Allah ta jiƙa mini ita ta ɗora a madambaci, in na dawo zan zuba irin. Na dawo na tarar ta turara ta sarai ta huce, na barbaɗa irin fumfuna na rufe. Na lura dusar ta ɗan yi duhu, na ce wuta ce ta yi yawa. Da lokacin tacewa ya yi na tace, na shafa a fata kamar kullum, ba tare da na sa rai da komai ba.

Da safe na warware fatar a bakin famfo, na ɗora yatsa na murza. Gashin ya tafi. Ba tsigewa ya yi ba, sulɓewa ya yi gaba ɗaya har gindinsa, ya bar fata fara sumul a ƙarƙashin yatsana. Na sake murza wani gefen, ya sake tafiya. Safiya, ni da furfura ta fara fito mini, na ɗaga guntun fata mai wari sama ina zagaya tsakar gida ina guɗa, awakin Goggo suka tsorata suka tsinke igiya. Goggo ta fito da carbi a hannu tana salati, ta ɗauka aljanu ne suka buge ni. Ko wanka ban yi ba na tari adaidaita zuwa jami'a da kwalbar ruwan a jaka. Na auna, inzayim ɗin ya cika ruwan maƙil. Mai gadi ya farka. Abin da ban sani ba shi ne wa ya tashe shi.

Na dawo na sake haɗa wata dusar da hannuna, daga buhun nan dai, da irin nan dai, a madambacin nan dai. Ba ta yi ba. Na sake, ba ta yi ba. Na kusa zaucewa. Na zargi buhun, na zargi ruwan famfo, na zargi zafin ɗakin, har ƙyallen rufin sai da na canja. Na tambayi Goggo yadda ta yi, ta ce jiƙawa ta yi ta turara kamar yadda na ce, me kuma ake yi wa dusa ban da haka. Na yarda, don ni ma ban ga abin da za a ƙara ba.

Wata yamma ina zaune a kan tabarma raina a jagule, ina kallonta tana haɗa wa awakinta abinci. Ta zuba dusa a kwano. Ta wuce famfo ba ta ko kalle shi ba, ta je gindin bango ta ɗauko wata tsohuwar ƙwarya da ke rufe da faifai, ta tsiyayo wani ruwa mai launin shayi ta zuba. Na tambaye ta mene ne wannan, ta dube ni kamar na tambaye ta sunan rana.

"Ruwan kanwa mana, Amarya."

"Goggo, ranar da na ce ki jiƙa mini dusata, da shi kika jiƙa?"

"To da me zan jiƙa? Wa ya taɓa jiƙa dusa da ruwa zalla? Ko a rugar da ta fi kowace talauci ba a yi wa dabba haka."

Ita a wurinta jiƙa dusa da zuba kanwa abu ɗaya ne, shi ya sa da na tambaye ta ba ta ga abin faɗa ba. Na ruga na ɗauko takardar gwajin tsami na tsoma a ƙwaryar, ta rikiɗe ta koma shuɗi-shuɗi, daidai inda na yi watanni ina nema. Nan take komai ya haɗu a kaina. Kanwa ba ta da zafin soda, ba ta ƙone fumfuna, kuma ba ta ƙarewa lokaci guda. Tana zaune ne a cikin dusar, duk tsamin da ya taso ta kashe shi, kamar dai yadda take yi a tukunyar miyar yakuwa. Ni da na tashi ina ganin kanwa a kowane kicin, na tsallake ta na tafi neman soda. Na rungume Goggo har muka kusa faɗawa kan awaki. Ta ture ni ta ce in dai don ta ɓata mini aiki ne nake wannan murnar, to lallai boko ya gama da ni. Har ta bar duniya ba ta yarda ta yi wani abin kirki ba, cewa take kuskure ne ta yi aka rufa mata asiri.

Kada ki ɗauka daga nan aka gama, kamar yadda yayyenki ke faɗa wai Goggo ta zuba kanwa Mama ta zama farfesa. Kanwa kala-kala ce, sai da na gwada ja da fara da ungurnu, na gano wadda ta fi da yawan da ya dace, na mai da awon ya zama na ludayi da kwano yadda Baba zai iya. A jami'a kuma ni da ɗalibaina muka bi diddigi muka ga da idonmu ƙwayar gadon nan tana buɗewa a dusa mai kanwa, tana rufe a marar kanwa. Ranar da sakamakon ya fito na yi ta kallonsa kamar hoton jariri. Amma duk wannan ba shi ne jarrabawar ba. Jarrabawar tana Jahun.

Na shiga motar haya da jarka a kan cinyata, ban yarda an sa ta a but ba. Baba ya ba ni fatar jar akuya sabuwa, mai kyau, wadda na san yana ji da ita. Na nuna masa yadda za a shimfiɗa ta, a shafa ruwan ta cikinta da tsumma a bakin sanda, a naɗe a ajiye a inuwa, gobe a ɗauraye da ruwa mai yawa kafin hannu ya taɓa. Sauran majema suka kewaye mu suna ƙus-ƙus, Yaya Sani ya harɗe hannu a ƙirji. Washegari da hantsi Baba ya warware fatar da kansa, aka kwara mata ruwa, ya ɗora ta a kan gungumen da ake kankare fata a kai, ya ja ƙarfen kankara sau ɗaya. Gashi ya zubo a gabansa kamar an share shi da tsintsiya. Ya ɗaga fatar ya duba ta a rana, ya ja ta ta nan ya ja ta ta can, ya shinshina, ya bi fuskarta da bayan hannunsa don tafin ba ya ji sosai. Ni kuwa na san in ya ce ta yi laushi fiye da kima ko fuskarta ta ci, magana ta ƙare.

"Uwata, wannan abin naki ya fi ni ladabi. Bai taɓa fuskar ba."

Ya juya ya ce wa Yaya Sani ya kwashe ruwan tokar nan ya zubar can nesa da rijiya. Yaya Sani ya naɗe hannun rigarsa mai guga ya ɗauki bokiti, yana dariya yana share ido da kafaɗa.

Hannu ba ya warkewa da wuri kamar yadda gashi ke sulɓewa. Sai da damina ta wuce, aka yi girbi, yana shan maganin likita yana shafawa, ni kuma ina ta kai jarka har na koya wa matar Yaya Sani noman fumfunar a can. Yatsan nan na tsakiya bai sake lanƙwasuwa daidai ba har ya koma ga Allah. Amma tafin ya rufe.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara Abbanku ya kawo ku. Kin yi tsawo, an yi miki kitson da ba hannuna ba, kuma da na miƙa hannu sai kika ɓuya a bayan yayarki. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a shekarar, har yau kuma in na tuna sai na ji shi. Muka tafi Jahun gaba ɗaya. Aka kawo wa Baba tuwo da miyar kuka a zaure, an ɗora cokali a kan murfin kwanon kamar yadda aka saba yi masa. Bai juya wa ƙofa baya ba. Ya kira ki ya zaunar da ke a gefensa, ya ɗauki cokalin ya miƙa miki, ya ce ke 'yar Abuja ce, ke ya dace da shi. Sannan ya wanke hannu, ya ce a ƙaro yaji, ya yi bisimilla, ya gutsuro tuwo ya nutsa yatsunsa cikin miyar har gaɓa ta biyu.

Kin ci tuwon nan da cokali kina ta wasa da ƙafa, ba ki san me kike kallo ba. Ni ina bakin ƙofa na toshe bakina da mayafi. Cokalin yana nan a cikin akwatina, Safiya, na ɗauke shi bayan kin gama. In kin zo da jaririyar ki tuna mini in ba ki, da ma ke ya ba wa.